Hanyoyin Burjin Bayan Jos: Daga Kwanon Kuza Zuwa Keken Motsa Jiki



A 'yan shekarun nan mun fara ganin samarinmu suna fita ranar Asabar ko Lahadi bayan sallar asuba da kekuna masu giya da kaurin taya, su bar kwalta su bi hanyoyin burji na bayan gari. Wasu su nufi Lamingo da gindin duwatsun Shere, wasu Rayfield da Mai Adiko, wasu su yi Naraguta. Abu ne mai kyau, kuma ya fi zaman majalisa. Sai dai idan ka tambayi yaro wa ya fasa hanyar da yake bi, ko me ya kawo wancan kududdufi da tulin jar ƙasa a tsakiyar fili, sai ya yi shiru. Alhali da yawa daga cikin hanyoyin nan su ne suka kawo kakanninmu ƙasar nan.

Jos tana bisa tudu mai tsawon mita 1,200 da 'yan kai daga teku, ƙololuwar Shere kuwa ta haura mita 1,800. Shi ya sa wanda ya saba tuƙa keke a Kano yake haki tun bai yi nisa ba, shi ya sa kuma iskar take da daɗi. Kafin zuwan Turawa babu hanyar mota ko ɗaya a tudun nan. Akwai turbobin ƙafa da na dawaki na Birom da Afizere da Anaguta da Irigwe da Rukuba, masu ratsawa tsakanin shingayen ƙerana da gonakin acca. Birom sun shahara da ƙananan dawakinsu da suke hawa ba sirdi. Wannan ita ce shimfiɗar farko, kuma har gobe duk siririyar turbar da ka ga ta kurɗa tsakanin ƙerana, to ta girmi duk wani titi na cikin gari.

Kuza ce ta kawo sauran. Hausawa sun san kuza tun kafin Bature: maƙeran Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna narka ta su mai da ita sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Waɗannan tsinkayen ne suka ja hankalin kamfanin Neja, ya turo masu bincike a 1902, daga baya Kanar Laws ya kafa sansani a Naraguta. A shekarun farko a ka ake ɗaukar kuzar, 'yan alaro su gangara da ita har Loko a bakin Binuwai, tafiyar kusan mil 200. Ku yi tunanin mutum da buhun kuza a ka yana sauka daga wannan tudu da ƙafa, a gangaren da yau mai keke yake matse birki da hannu biyu.

Wahalar dakon ce ta sa aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wanda ya bi ta Rahama da Jengre, ya iso Jos, ya ƙare a Bukuru a 1914. Tsawonsa mil 143. A 1927 babban layi ya iso ta Kafanchan, sai ƙaramin ya fara rasa aiki, aka rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafan. Dattawan da suka hau shi suna ba da labarin rashin saurinsa a hawan tudu, da raha da ƙari, kamar yadda aka saba.

Amma jirgi tasha yake tsayawa, kuzar kuwa tana warwatse a cikin rafuka. Don haka kowane kamfani ya fasa hanyarsa ta burji daga ramin haƙa zuwa bariki, daga bariki zuwa Bukuru ko Jos. A nan ne tarihinmu yake. Leburori sun kwararo daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Borno da Sakkwato, wasu 'yan cirani ne masu neman kuɗin haraji su koma gida kafin shuka, wasu kuma suka zauna suka hayayyafa. Sunayen barikokin ma sun isa shaida: Barikin Ladi, Sabon Gidan Kanar, Gindin Akwati, Mai Idon Toro, Dorowa, Bisichi, Gana Ropp. Aikin da kwano da diga da shebur ake yi, a cika kwano da ƙasa a ɗora a ka a kai wurin wanki. Kamfanin ATMN da aka kafa a 1939 shi ne babba, kuma manyan injinansa na haƙa da wutar NESCO ta Kurra suke aiki, wadda ta fara samuwa wajen 1930.

Akwai babin da bai kamata mu wuce shi da sauri ba. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta ana tsakiyar yaƙi, sai ta juyo kan Filato. Aka sa sarakuna su tattaro mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa, abin da aka kira diban gwamna, daga 1942 zuwa 1944. Dubban talakawa aka kawo da 'yar riga ɗaya cikin sanyin da ba su taɓa sani ba, abinci bai isa ba, ɗakunan ciyawa suna yoyo. Da yawa sun gudu, da yawa sun mutu, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Duk wanda ya bi hanyoyin kudancin Barikin Ladi yau yana jin daɗin iska, ya sani wasu da igiyar hukuma suka bi su. Allah Ya jiƙan su.

Gaskiya kuma ɗaya ce: ƙasar da aka tone gonakin mutane ce. Birom da maƙwabtansu sun rasa filaye masu yawa, an bar musu ramuka da tuddan ƙasar da ba ta fid da amfani. Kakanninmu sun sha wahalar kwano, nasu kakannin sun sha asarar gona, ribar kuma ta tafi Landan. Wanda zai ba da tarihin hanyoyin nan ya tsallake ɗaya daga cikin biyun bai yi adalci ba.

To ina keke ya shigo? Bature yana da doki, daga baya mota. Lebura yana da ƙafarsa. Keke shi ne na tsakiya: na akawu, da helima, da masinja, da malamin asibiti, sannan na ɗan kasuwa. Ranar biya a bariki kasuwa ce, saboda haka ɗan koli da mahauci da tela da wanzami da mai goro su kan ɗaure kaya a kariya su fito daga Jos ko Bukuru tun da duhu, su zaga bariki biyu ko uku kafin magariba. Raleigh, wato Rali a bakinmu, shi ne sarki, ga Hercules da Phillips, daga baya Phoenix na Sin ya cika kasuwa. Keken ƙarfe ne zalla, mai nauyi, birkin sanda, giya babu. A tudu sai a sauka a tura, kuma ba abin kunya ba ne. Har lasin ake yankar masa a wurin En'e, a maƙala masa lamba. Saurayin da ya tara kuɗin Rali ya sa masa fitila da ƙararrawa da madubi, to ya kai munzalin neman aure. Wanda bai kai ba ya je wurin mai keken haya ya biya na awa guda. Mai faci kuwa a bakin kowace kasuwa yake, da bokitin ruwansa da famfo.

Abin da ya kashe wannan zirga-zirga a bayyane yake. Kuzar sama-sama ta ƙare, kamfanonin Turawa suka fara janyewa bayan dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, sannan farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a Oktoban 1985. Barikoki suka koma ƙauyukan noman rani, ana ban ruwan kabeji da karas da tumatir da dankalin Turawa daga kududdufan da injin ya bari. Babur ya maye gurbin keke. Hanyar da babu kamfanin da zai sake zuba mata burji sai ruwa ya ci gefenta, ciyawa ta rufe rabi.

Shirun da masu keke suke yabo yau ba duka na lafiya ba ne, kuma mun san haka. Rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010 sun raba gari, sun kuma raba karkara. Kuru Karama da Dogo Nahawa sunaye ne da kowane ɓangare yake ambata da hawaye. Akwai barikokin da iyalanmu suka shekara saba'in a ciki, yau ba mai kwana. Akwai kuma hanyoyin da maƙwabtanmu suke tsoron bi saboda mu, kamar yadda muke tsoron nasu. Tsohon ɗan koli mai Rali ya san sunan mai unguwar kowane ƙauye, ya san gidan da zai sha ruwa. Jikansa mai keken giya ashirin da ɗaya bai san kowa ba bayan Rayfield. A ganinmu wannan ita ce babbar asarar, ta fi ta kuzar.

A wasu ƙasashe hawan keke a hanyar burji ya zama wasa mai zaman kansa. A garin Emporia na jihar Kansas ta Amurka an fara wani tsere na mil 200 a 2006 da mutum 34 kacal, yau sunansa Unbound Gravel, dubbai ke zuwa. Hukumar tseren keke ta duniya ta yi gasar duniya ta farko ta wannan fanni a Italiya a 2022. Wanda ya fi kama da namu shi ne L'Eroica na yankin Tuskani, da aka fara a 1997 da tsofaffin kekuna, da nufin kare tsofaffin hanyoyin tsakuwa kada su ɓace. Su sai da suka yi fafutuka kafin su tsare nasu. Mu namu suna nan birjik, talauci ne ya hana a zuba musu kwalta, rashin yarda kuma ya hana a bi su.

Ga masu fita, ƙungiya tana roƙon abubuwa kaɗan. A tafi cikin ayari, a faɗa wa na gida hanyar da za a bi, a dawo kafin la'asar sakaliya. Idan an shiga ƙauye a rage gudu, a yi sallama, a gaida dattawa, kada a ratsa gonar acca ko ta dankali don yanke hanya. Kada zafi ya sa a faɗa kududdufin kuza: bakinsa a tsaye yake kamar rijiya, ruwan sanyi ƙalau, kuma ya ci rayukan yara da manya ba adadi. A kula da ramukan masu haƙa na yanzu, waɗanda ciyawa ke rufewa da damina. Idan kuma an ji ƙishin-ƙishin a wani yanki, a haƙura da fita ranar, hanya ba za ta gudu ba.

Muna kuma neman taimakon duk wanda yake da dattijo a gida da ya yi aikin kuza ko fataucin keke tsakanin barikoki. A zauna da shi a ɗauki maganarsa a waya: wace hanya yake bi, ina yake yada zango, wa yake sauke shi, nawa ya sayi kekensa. A turo wa sakatare, za mu riƙa sa su a shafin nan ɗaya bayan ɗaya, mu fara da hanyar Bukuru zuwa Bisichi.