Abin da ya kamata a sani kafin a sayi inbatar mota

Yawan katsewar wutar lantarki ya sa mota ta zama ofis ga mutane da dama a Najeriya: 'yan jarida da ke aiko da rahoto daga ƙauyuka, masu sa ido a ranar zaɓe, da ma'aikatan agaji da ke kwana a hanya. Abin da ke ba su damar haɗa kwamfuta ko cajar kyamara a mota shi ne inbata, na'urar da ke karɓar wutar batir mai ƙarfin volt 12 ta mayar da ita irin wutar gida. Sai dai lambar da ke jikin kwalinta ba ita ce ma'auni ba. Batirin motar da wayoyinta su ne ke yanke iyakar abin da za ta iya ɗauka.

Ƙarfin wuta

Wutar gida a Najeriya volt 230 ce, a Amurka kuwa 120. Inbatar gwanjo da aka shigo da ita daga Amurka takan bayar da volt 110 zuwa 120, don haka a duba bayanta kafin a biya kuɗi. Yawancin cajar waya da ta kwamfuta na karɓar volt 100 zuwa 240, amma fanka ko firintar da aka ƙera don volt 230 ba za ta yi aiki daidai ba. Haka kuma manyan motoci irin su tirela kan yi amfani da volt 24, kuma inbatar volt 12 na iya ƙonewa idan aka haɗa ta da su.

Lissafin wat

Kowace caja na ɗauke da rubutun yawan wat ɗin da take ja. Kwamfutar tafi-da-gidanka takan ja 45 zuwa 90, cajar waya kuma ba ta cika wuce 30 ba. A haɗa jimillar abin da za a kunna lokaci guda, a ƙara kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari a kai.

Masu ƙera inbata kan rubuta lambobi biyu: ƙarfin da take jurewa a kai a kai, da wanda take kaiwa na ɗan ƙanƙanin lokaci, wanda sau da yawa ninki biyu ne. Babbar lambar ce ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwali, amma ƙaramar ce abin dogaro.

Inda ake haɗa ta

Ramin kunna sigari yawanci na da fis mai amfiya 10 zuwa 15, wato wat 120 zuwa 180 ke nan. Ko da inbatar ta wat 500 ce, ramin ba zai ba ta fiye da haka ba, fis ɗin ne zai tsinke. Maye gurbinsa da zaren waya, kamar yadda wasu ke yi, hanya ce ta jawo gobara.

Babbar inbata sai an haɗa ta kai tsaye da batir. Mai wat 1,000 na jan kusan amfiya 90 zuwa 100 idan an cika mata kaya, saboda haka tana buƙatar gajeriyar waya mai kauri da fis a kusa da kan batirin. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran wutar mota ne.

Nau'in wutar da take fitarwa

Wadda aka rubuta wa "Pure Sine Wave" na fitar da wuta mai santsi irin ta gida, kuma ta fi tsada. Mai rubutun "Modified Sine Wave" ta fi araha, amma takan sa fanka ƙugi, ta ɗumama wasu cajoji, ta kuma sa ƙara a na'urar ɗaukar sauti. Ga kayan asibiti da na aikin jarida, ta farkon ce ta dace.

Batir da fetur

An ƙera batirin mota ne don tayar da inji, ba don a riƙa zuƙe shi ba. Inbata da yawa ba sa kashe kansu sai batir ya sauka zuwa wajen volt 10.5, kuma a lokacin da wuya motar ta tashi. Barin inji a kunne na magance wannan, amma tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowace sa'a da inji ya yi a tsaye kuɗi ne. Kada kuma a bar shi a kunne cikin rufaffen gareji, domin hayaƙinsa na kisa.

A ajiye inbata inda iska ke ratsawa, nesa da zafin rana. Wanda waya da kwamfuta kawai zai caja, idan kwamfutar na karɓar caji ta USB-C, cajar mota mai ƙarfin da ya kai na kwamfutar ta wadatar, kuma ta fi inbata tattalin wuta.