Daga Ijaza Zuwa Digirin Digirgir: Tarihin Amanar Malami Ga Ɗalibinsa

Duk wanda ya shiga jami'a a wannan zamani da niyyar neman digirin digirgir, wato digiri na uku, ba a barinsa ya kama hanya shi kaɗai, sai an haɗa shi da wani babban malami wanda zai duba aikinsa, tun daga zaɓen batu har ranar da zai tsaya gaban masu jarrabawa ya kare kundinsa. Wannan tsari, a siffar da muka san shi, daga ƙasar Jamus ya taso, musamman bayan kafa Jami'ar Balin a 1810 bisa shawarar Wilhelm von Humboldt, inda aka sharɗanta wa mai neman darajar ya zo da wata sabuwar fa'ida daga binciken kansa. Daga can ya ƙetara Amurka, Jami'ar Yale ta fara bayar da shi a 1861, Ingila kuwa ta yi jinkiri har 1917 kafin Oxford ta karɓe shi. Amma nauyin da ke wuyan malamin da ya ɗauki ɗalibi ya raine shi har ya shaida wa duniya cewa ya isa, wannan ya girme wa jami'a a ƙasashenmu da ƙarnuka, kuma magabatanmu sun san haƙƙoƙinsa dalla-dalla.

A da, idan almajiri ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun ilmi, yakan zauna a zauren malami da littafinsa cikin gafaka, ya jira har layi ya zo kansa, sa'an nan ya matso gaban buzu ya ja baƙi, malam yana fassarawa yana warware mas'aloli, gobe kuma ba ƙari sai an biya na jiya. Haka za a bi daga Ahalari zuwa Ishmawi, daga Iziyya zuwa Risala, har a kai ga Muhtasar na Halilu. In ɗalibi ya ƙware, malam ya rubuta masa ijaza, ya jera sunayen shehunan da shi ya karɓa daga gare su, ɗaya bayan ɗaya har zuwa mawallafin littafin. Ijaza kuwa shahada ce, kuma mai ba da ita ya san cewa ya jingina sunansa da na malamansa a kan abin da wannan ɗalibi zai karantar bayan ransa.

Babu inda aka siffanta malami irin wannan kamar yadda Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda kakansa ya taɓa zama a Kano yana karantarwa, ya siffanta shehinsa Muhammad Bagayogo a cikin Nailul Ibtihaji. Ya lazimce shi fiye da shekara goma, ya sauke Muhtasar a gabansa wajen sau takwas, ya karanta Muwaɗɗa, ya kuma shafe shekara uku a kan Tashilu na Ibn Malik a fannin nahawu. Ya ba da labarin cewa shehin yakan fara karantarwa bayan sallar asuba, ya ci gaba har dare, ba ya tsayawa sai don salla ko sulhunta mutane. Yakan yi haƙuri da mai nauyin fahimta har sauran ɗalibai su ƙosa shi bai ƙosa ba. Yakan ba da aron littattafansa masu wuyar samu har ga ɗalibin da bai sani ba, kuma ba ya bin sawunsu. Abin da ya fi duka girma shi ne, sa'ad da Ahmad Baba ya kai masa wani abin da ya wallafa, shehin ya karanta, ya rubuta yabonsa da hannunsa, ya kwafi wasu fa'idoji daga binciken almajirin nasa yana kawo su a majalisin darasi. Wanda ya duba wannan labari da idon basira zai ga kusan dukan wajibai sun taru a ciki: ba da lokaci, buɗe taskar littattafai, karanta abin da ɗalibi ya rubuta, da insafin karɓar gaskiya daga wanda ke ƙasa da kai.

Akwai kuma wani haƙƙi da tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bayyana. Shehu ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umar, ya bi shi har Agadas, ya karɓi ijazojinsa, kuma har ƙarshen rayuwarsa bai gushe yana ambatonsa da girmamawa ba. Duk da haka, da aka zo mas'alar kafirta Musulmi saboda aikata manyan zunubai, inda Malam Jibrilu ya tsananta, sai Shehu ya saɓa masa a rubuce, ya kawo hujjojin Ahlus Sunna, ba tare da ya zubar da ladabin almajiranci ba. Tarbiyyar da ta haifi ɗalibi mai iya auna maganar malaminsa da ma'aunin hujja, ita ce tarbiyyar da ta kai ga gaci. Abdullahi ƙanen Shehu kuma ya wallafa Ida'un Nusuhi don kawai ya lissafa shehunan da ya ɗauki ilmi wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne, domin a wurinsu sanin wanda ya karantar da mutum wani yanki ne na sanin ƙimar ilminsa.

Da ilmin boko ya kai matakin jami'a a Nijeriya, aka buɗe kwalejin Ibadan a 1948 da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, sai hanyoyin nan biyu suka gamu a kan wani ɗalibi Bature, Murray Last. Malamin da ke duba aikinsa, H.F.C. Smith, wanda daga baya ya musulunta aka san shi da Abdullahi Smith, ya fahimci cewa tarihin Daular Usmaniyya ba ya samuwa daga rahotannin Turawan mulki kaɗai, saboda haka ɗalibin ya tafi Sakkwato ya zauna gaban Waziri Junaidu, yana karanta wasiƙu da littattafan Larabci na gidan waziranci irin zaman almajiri. Kundin ya kammala a Ibadan a 1964, ya fito a matsayin littafi a 1967, kuma har yau ba a rubuta tarihin daular ba tare da komawa gare shi ba. A nan akwai darasi: malami na gari ya san iyakar abin da ke hannunsa, kuma ba ya jin ƙyashin tura ɗalibinsa wurin wanda ya fi shi a wani fanni, kamar yadda shehunan da suke sallamar almajiri ya tafi wani gari neman wani littafi.

A Zariya Abdullahi Smith ya jagoranci shirin tattara rubuce-rubucen tarihin Arewa, ya kuma assasa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, domin ya san mai bincike ba ya aiki sai da madogara, kuma tanadar masa ita yana cikin aikin malami. Daga hannunsa Yusufu Bala Usman ya fito da kundinsa na 1974 a kan sauye-sauyen ƙasar Katsina, inda ya rushe fassarar da ke mayar da tarihinmu rikicin Haɓe da Fulani tsagwaronsa, ya nuna rawar kasuwanci da ƙaura da tsarin sarauta. Shi ma daga baya ya raini ɗalibai masu yawa, silsilar ta ci gaba.

Idan muka auna halin da ake ciki yau da wannan tarihi, dole zuciya ta sosu. Ana samun ɗalibin da zai miƙa babi ya yi wata da watanni yana sintiri a ƙofar ofis, ana ce masa malam ya yi tafiya. Ana samun malamin da ya tara ɗalibai fiye da ƙarfinsa, har ya sa hannu kan kundin da bai karanta ba, satar fasaha ta wuce ta gabansa. Ana samun mai ɗora sunansa kan wahalar yaronsa, ko mai mayar da shi ɗan aike. Gaskiya ne aiki ya yi wa malaman jami'a yawa, albashi ya gaza, yajin aiki yana cinye shekaru, kuma wajibi ne hukuma ta rage musu kaya. Sai dai uzurin ba ya ɗauke hukuncin shahada, domin sa hannun da ke shafin farko na kundi shi ne ijazar wannan zamani, kuma wanda ya shaidi abin da bai gani ba ya san sunan wannan a shari'a.

Saboda haka wanda aka ba ɗalibi ya duba, ya taimake shi ya zaɓi batun da zai iya kammalawa, ya yanka masa lokacin ganawa ya kuma cika, ya karanta kowane babi ya mayar da gyara kafin zafin aikin ya huce, ya gaya masa aibin rubutunsa a ɓoye tun kafin mai jarrabawa na waje ya gaya masa a bainar jama'a, ya kuma yi farin ciki ranar da ɗalibin ya zo da hujjar da ta rinjayi tasa. Wanda ya ga ba zai iya sauke wannan ba, ya fi masa alheri ya ce a ba wani tun farko, domin shekarun ɗalibi amana ne, kuma za a tambaye shi a kansu. Allah ya jiƙan malamanmu, ya ba waɗanda suka gaje su ikon riƙe abin da aka bar musu.