Cibiyar Hikma ta Dandaji

Cibiyar Hikma masallacin Juma'a ce haɗe da ɗakin karatu, a garin Dandaji na jihar Tawa da ke Jamhuriyar Nijar, jihar da ta yi iyaka da Sakkwato. An kammala ginin a 2018, kuma ya yi suna a duniya saboda da ƙasa aka gina shi, ba ya kuma bukatar na'urar sanyaya ɗaki duk da zafin yankin.

Asali

Tsohon masallacin Dandaji aikin Alhaji Falke Barmu ne, gwanin maginin da ya gina masallacin Yama, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Da shekaru suka ja, ginin ya fara lalacewa, jama'a kuma suka bukaci sabon masallaci mai faɗi. Mariam Issoufou Kamara, ƙwararriya a zanen gine-gine wadda asalin danginta 'yan garin ne, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo shawarar a bar tsohon ginin a tsaye, a gyara shi ya koma ɗakin karatu, a tayar da sabon masallaci a gefensa. Sunan cibiyar ya samo asali ne daga Baitul Hikma ta Bagadaza, inda ilimin addini da na kimiyya suka bunƙasa tare a zamanin Abbasiyawa.

Yadda aka gina

Jar ƙasar da aka haƙo kusa da garin aka yi bulo da ita. Ana ɗan jiƙa ta, a zuba a inji a matse, sannan a shanya, ba tare da an gasa ba. Bangon da aka yi da irin wannan bulo yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi ya sake shi. Rufin sabon masallacin kuwa yana da tsawo, da tulluwa jere, ga ƙofofi dogaye da iska ke ratsawa. An tanadi tankin ƙarƙashin ƙasa mai tara ruwan damina, wanda ake shayar da itatuwan harabar da shi. Maginan da suka san tsohon masallacin su aka gayyato suka gyara shi. Sabon masallacin yana ɗaukar mutum kusan 1,000.

Tasiri

Aikin ya ci lambar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, da ta azurfa ta duniya a 2018. Ba a Dandaji kaɗai ake irin wannan gini ba: a Kudugu ta Burkina Faso ma, mai zanen gine-gine Francis Kéré ya gina kwalejin fasaha da bangon yumɓu a 2020. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tana da cibiyar binciken makamashi tun 1982, ga yanayi iri ɗaya da na Dandaji. Ya dace ɗalibanta na aikin injiniya su tsallaka iyaka su ga wannan gini da idonsu.