Kwallin Daren Cika-ciki

Tandun kwallin kakata Iya bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Na fata ne, ya yi baƙi sul saboda shafar hannu, kuma a ƙasan adudu yake kwana tare da allura da wani zoben azurfa da ya daina shiga yatsarta. Kullum da safe takan rambaɗa abinta, amma dare ɗaya ne a shekara take tara mu jikoki a tsakar gidanmu na Gwiwa ta sa mana da hannunta, wato daren cika-ciki, wanda za a wayi gari goma ga watan Muharram. A daren ake dafa wutsiyar ragon layya da aka adana tun Babbar Salla, a tuƙa tuwo fiye da na kullum, a ce kowa ya ci har ya ture. Idan an gama, sai Iya ta jawo fitila kusa, ta kama haɓata.

"Ke kishiya, buɗe idon mana. Ko so kike mijin namu ya ce ni kaɗai ce mai kyau?"

Ƙarfen yana da sanyi, kwallin kuma yana da ɗan yaji, sai hawaye su zubo baƙi. Tana gamawa da ni sai ta kama na gaba. Abin da ban lura da shi ba sai da na girma shi ne, ba ta taɓa bari gari ya waye kafin ta yi wannan aiki ba. Gobe ranar azumi ce, ita kuwa a azumi, na Ramadan ne ko na nafila, tandun nan ba ya buɗuwa tsakanin asuba da magariba. Ba ta karanta littafin fiƙihu na Muktasar ba, amma hukuncin malikiyya ne take bi daidai: wanda ya sa kwalli da rana yana azumi har ya ji ɗanɗanonsa a maƙogwaro, to ramuwa ta hau kansa, wanda kuwa ya sa da dare babu komai a kansa. Shafi'iyya da Hanafiyya ba su ganin kwalli na karya azumi ko kaɗan. Ita dai abin da takan ce shi ne ido yana da hanya zuwa wuya, duk wanda ya taɓa tofar da yawu baƙi ya sani.

Kalmar kanta baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Kwalli daga kuhul na Larabci ya fito, tozali kuma daga bakin Buzaye muka karɓe shi, don a harsunansu tazult ake cewa. Dutsen da ake niƙawa na dalma ne, mai walƙiya idan an fasa shi, irin wanda ke fitowa a kwarin Binuwai, daga wajen Zurak ta ƙasar Wase har zuwa Abakaliki. Bature Kilafaton, da ya zauna a Kano a 1824, ya lissafa shi cikin hajar da ya gani a kasuwa. A Ibrananci ma, harshen Yahudawa, saiwar kalmar ɗaya ce da ta Larabci, kuma tana cikin littafin Ezekiyel, inda ake kwatanta mace da ta yi wanka ta sa kwalli ta saka kayan ado tana jiran baƙi. Saboda haka da na fara karanta yadda matan Yahudawa ke fama da tambayar ko ya halatta a yi kwalliya a ranar babban azuminsu, sai na ji kamar a zauren gidanmu ake gardamar.

Ranar ita ce Yom Kippur, ranar kaffara, goma ga watan Tishri na kalandarsu. Azumin yana farawa kafin faɗuwar rana, ba a buɗe baki sai taurari sun fito washegari, kusan awa 25 ke nan ba ci ba sha. Attaura ta ce ne kawai su ƙuntata wa kansu a wannan rana, sai malamansu suka fayyace abin da ake nufi a cikin Mishna, littafin fiƙihunsu da aka harhaɗa wajen shekara ta 200 miladiyya: ban da ci da sha, ban da wanka, ban da shafa mai, ban da takalmi, wanda daga baya aka taƙaita ga na fata, ban da kusantar iyali. Kwalliya ta shiga tsaka mai wuya ta fuska biyu. Ta farko, duk abin da ake shafawa a fata ya faɗa cikin shafa mai. Ta biyu, ranar tana da dokokin Asabar, wato ba a aiki, kuma tun a Mishna an yi magana a kan mace mai sa kwalli ranar Asabar: Rabbi Eliyeza ya ɗauke shi cikakken saɓo, sauran malamai suka ce hani ne mai sauƙi, amma dai hani ne. Daga baya aka fi jingina shi ga rini, tunda rini na cikin ayyuka 39 da aka haramta ranar Asabar, kuma jan baki ko jan kumatu rina fata ne. Mai rini a bakin karofi da yarinya mai madubi a hannu, hukuncinsu ɗaya.

To amma malaman nan sun san mata, sun kuma san aure. A wurin da aka jera abubuwan da aka hana, nan take aka keɓe mutum biyu da za su iya wanke fuska: sarki da amarya. Sarki don kwarjininsa, amarya kuma don kada ta muzanta a idon angonta, kuma an ƙayyade amarcin da kwana 30. Wannan rangwame ya bi amarya har cikin makoki. A Shulhan Aruk, littafin da Yusuf Karo ya rubuta a garin Safad aka buga a Banis ta Italiya a 1565, an hana mace kwalli da jan fuska a kwanakin zaman makoki, amma an ɗauke wa sabuwar amarya da budurwar da ta isa aure. Azuminsu na tara ga watan Ab, wanda suke tunawa da rushe Haikalin Ƙudus, na farko a hannun Babila, na biyu a hannun Rumawa a shekara ta 70, hukuncin makoki yake bi, don haka mata masu riƙo da addini kan fita da fuska fara a ranar. A ƙarni na 20 kuma, da kayan kwalliyar kanti suka cika gari, sai Rabbi Moshe Feinstein na birnin New York, wanda ya rasu a 1986, ya ba da fatawar cewa busasshiyar hoda wadda ba ta manne wa fata ba rini ba ce, wasu manyan malamai a Ƙudus suka ƙi yarda. Har yau mata da yawa dabarar Iya suke yi: su gama kwalliyarsu kafin rana ta faɗi, kafin dokar ta shiga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wani labari ne a ƙarshen babin azumi na Mishna. Rabban Shimon ɗan Gamliyel ya ce Bani Isra'ila ba su da ranakun farin ciki kamar sha biyar ga Ab da Yom Kippur, domin a ranakun ne 'yan matan Ƙudus ke fita da fararen tufafi su yi rawa a gonakin inabi, samari na kallo, ana zaɓen matan aure. A ranar da ba ci ba sha! Kuma kowace yarinya aron tufafin take yi, har 'yar mai kuɗi, don kada a kunyata wadda ba ta da shi. Mu mukan ce zanen aro ba ya rufe katara, su kuwa suka mai da aro dole don a rufa wa talaka asiri. Wato tun asali ranar tana da fuska biyu: ƙanƙan da kai a gaban Ubangiji, da murnar an yafe zunubi. Shi ya sa har yanzu fari ake sakawa a majami'unsu a ranar, wasu mata kuma sukan tuɓe gwal saboda tunawa da ɗan maraƙin zinariya da aka bauta wa a zamanin Annabi Musa, amma ba sa zuwa da tsumma.

Nan ne labarin ya haɗu da namu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isa Madina a 622 ya tarar Yahudawa na azumin Ashura, suka ce ranar da Allah ya tsirar da Musa daga Fir'auna ce, shi ma ya azumce ta ya yi umarni da azumtarta, har aka farlanta Ramadan a shekara ta biyu bayan hijira, Ashura ta koma nafila. Sunan daga goma ya samo asali, kamar yadda Attaura ke kiran ranar kaffara da goma ga wata, kuma masana tarihi da dama na ganin rana ɗaya ce. Sannan a Sahihu Muslim akwai ruwayar Abu Musal Ash'ari cewa mutanen Haibara suna azumtar Ashura, suna riƙon ta idi, suna sa wa matansu kayan ado da tufafi masu kyau. Abu Musa ya iso wurin Annabi ne daidai lokacin da aka ci Haibara, a shekara ta bakwai, don haka ba labarin nesa yake bayarwa ba. Duk lokacin da na karanta wannan ruwaya, 'yan matan gonakin inabin nan nake gani, an yi ɗaruruwan shekaru, an yi nisa da Ƙudus, amma ado bai bar ranar azumin ba.

Kwallin Iya kuwa ta wata ƙofa ya shigo. A goma ga Muharram na shekara ta 61, wato 680, aka kashe Sayyidina Husaini a Karbala, ranar ta zama ta kuka ga masu juyayinsa. Ibnu Taimiyya ya rubuta cewa wasu masu adawa da su ne suka mayar da martani da wanka da kwalli da lalle da girki, aka ƙirƙiro hadisan da za su tallafi hakan, ciki har da wanda ke cewa mai sa kwalli ranar Ashura ba zai yi ciwon ido ba. Ibnul Jauzi ya sa shi cikin ƙagaggun hadisai. Duk da haka al'adar ta shiga littattafan malikiyya a matsayin jerin ayyuka goma sha biyu na ranar: azumi, sadaka, wanka, yanke farce, sa kwalli, gaida mara lafiya, shafa kan maraya, yalwata wa iyali, da sauransu. Shehu Aliyul Ajhuri na Masar, wanda ya rasu a 1656, ya ce azumi da yalwata wa iyali ne kawai ke da tushe. Littattafan sun ƙetaro Sahara sun iso makarantun zaure, jerin ya zauna, gargaɗin Ajhuri kuma bai yi farin jinin jerin ba. Yahudawan da kansu ba su taɓa zama maƙwabtanmu ba. A da dai akwai su a Tuwat, a kan hanyar ayari, kuma Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, shi ne ya tayar da rikicin da ya rushe majami'arsu ta Tamantit wajen 1492. Abin da ya iso Gwiwa daga wannan doguwar tafiya shi ne wutsiyar rago, kuɗin shara tsakanin taubasai, da tandu.

Na ga ranar da tarihin nan ya faɗo cikin gidanmu. Yayana ya dawo hutu daga karatu a Kano, gemu ya fara fitowa, ya tarar Iya ta jera mu.

"Iya, wannan fa ba shi da asali. Malamai sun ce hadisin ƙarya ne."

Ba ta ko ɗago kai ba. "To maigida, na ji. Shi kwallin ne haram, ko daren?"

Ya yi shiru, don ya san Annabi ya yabi kwallin ismid, ya ce yana ƙara gani. Ya ce keɓe daren ne matsalar. Ta ce to shi kada ya sa, ta ci gaba da aikinta. A ganina yana da gaskiya a kan hadisin, kuma ban taɓa jin ta yi musu a kan haka ba. Inda ya yi kuskure shi ne zaton da ya yi cewa tsohuwar ba ta san iyakar kwalli ba, alhali ta fi shi sanin ranar sawa da ranar bari.

Shekarar da kakanmu ya rasu, kwana shida bayan Babbar Salla, ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, kamar yadda Alƙur'ani ya ƙayyade, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaid ta jera abin da mai takaba za ta bari: kayan ado, kwalli, turare, lalle, tufafi masu launi. Hukuncin ya fi na azumi tsanani nesa ba kusa ba, don a hadisin Ummu Salama wata mata ta nemi izinin sa wa 'yarta mai takaba kwalli saboda ciwon ido, Annabi ya ce a'a, ta maimaita, ya sake cewa a'a. Idanun Iya suka yi fari fat, har ta koma mini kamar wata baƙuwa. Ban taɓa sanin gashin idonta ya yi furfura ba sai a lokacin.

Cika-ciki ya zo tana tsakiyar takabar. Aka dafa wutsiyar ragon da kakanmu ya yanka da hannunsa, ba wanda ya ci da yawa. Mun ɗauka a bana babu kwalli, har ƙananan sun fara gyangyaɗi a kan tabarma, sai ta aike ni in ɗauko adudun. Ta sa wa kowa, ɗaya bayan ɗaya, ba ta kira ni kishiya ba a wannan daren. Da ta gama da autanmu ta goge ƙarfen a gefen zaninta, ta wanke yatsunta da ruwan buta, ta miƙo mini tandun ta ce in mayar ƙasan kaya.