Koyon aiki a cikin ambilans: abin da ɗalibin kiwon lafiya ke koya a hanyoyin Madaoua, Bouza da Keita

Rakiyar ambilans wani sashe ne na koyon aiki, ko sitaj kamar yadda aka saba faɗi, inda ɗalibin kiwon lafiya ke shiga motar ɗaukar marasa lafiya tare da ƙwararren ma'aikaci, ya ga yadda ake kula da majinyaci daga inda aka ɗauko shi har zuwa asibiti. A gundumomin Madaoua, Bouza da Keita na jahar Tahoua, wannan darasi na da nauyi, domin tafiyar kan yi tsawo, kuma ran majinyaci kan rataya ne a hannun wanda ke zaune kusa da shi a bayan mota.

Aikin ambilans a tsarin kiwon lafiyar Nijar

Tsarin kiwon lafiya a Nijar hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, sai cibiyoyin CSI da majo ke shugabanta, sai asibitin gunduma, sai babban asibitin jaha da cibiyar kula da uwa da yaro a birnin Tahoua, sannan manyan asibitocin ƙasa. Abin da ya fi ƙarfin mataki ɗaya ana tura shi mataki na gaba tare da takardar turawa.

Don haka yawancin aikin ambilans a wannan yanki shi ne kai majinyaci daga wata likita zuwa wadda ta fi ta kayan aiki: daga Bangui ko Ourno zuwa Madaoua, daga Karofane ko Tabotaki zuwa Bouza, daga Ibohamane ko Garhanga zuwa Keita, daga nan kuma zuwa Tahoua idan lamarin ya tsananta. Asibitin Galmi, da aka kafa a 1950 a bakin hanyar RN1, shi ma yana karɓar majinyata daga yankin. Kafin su iso CSI, mutane da yawa sun riga sun sha tafiya a kan amalanke ko babur.

Hanya kanta matsala ce. Ƙasar Adar ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka, kuma da damina ƙoramu kan cika su datse hanya na tsawon awoyi. A wannan lokaci ne kuma masassarar cizon sauro da tamowa ke yawaita a tsakanin yara, abin da ya sa ƙungiyar MSF ta shafe shekaru tana tallafa wa sashen yara na asibitin Madaoua.

Su wa ke koyon?

A Amurka da Ingila, aikin gaggawa na ambilans sana'a ce mai zaman kanta, kuma ɗalibai kan raka ma'aikata a bakin aiki kafin a ba su shaida. A Faransa, inda Farfesa Louis Lareng ya kafa hukumar SAMU ta farko a birnin Toulouse a 1968, an fi karkata ga kai likita wurin majinyaci idan lamarin ya yi tsanani. Can ma akwai digirin direba mai ba da agaji: tun gyaran da aka yi a 2022, karatun na ɗaukar awa 801, daga ciki awa 245 na koyon aiki ne a fili.

Nijar na da tata SAMU mai cibiya a Yamai, da lambar kira 15, sai 'yan kwana-kwana masu lamba 18. Amma a karkara, galibi direba ne da ma'aikacin jinya ko ungozoma ke fita da ambilans. Saboda haka masu koyon wannan aiki su ne ɗaliban jinya da na ungozoma, waɗanda makarantu irin su ENSP ta Yamai da ta Damagaram da makarantu masu zaman kansu ke turawa sitaj a cibiyoyin CSI da asibitocin gundumomi. Da yawansu, idan suka kammala, su ne za su tsaya su kaɗai a wata cibiya ta ƙauye, su yanke shawarar wanda za a tura da lokacin da za a tura shi.

Kafin mota ta tashi

Darasin farko yana farawa tun mota na tsaye. Ɗalibi na koyon duba kayan aiki: gadon ɗaukar majinyaci da igiyoyin ɗaure shi, tukunyar iskar numfashi da yawan abin da ya rage a ciki, ledojin ƙarin ruwa, safar hannu, bandeji, abin awon hawan jini, kayan karɓar haihuwa da fitila. Direba kuma na duba mai, taya ta ajiya da ruwan injin.

Sai shirya majinyaci. Ƙa'idar ita ce a daidaita shi kafin a ɗauke shi, domin saka allurar ƙarin ruwa a cikin mota mai tsalle a kan burji abu ne mai wuya. Ana cika takardar turawa da abin da aka gani, maganin da aka bayar da lokacin da aka bayar, sannan a buga waya asibitin da za a je don su shirya gado, jini ko ɗakin tiyata.

A kan hanya

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, da ƙungiyar agaji ta CICR sun fitar da darasin kulawar gaggawa na farko a 2018. Yana koyar da bin matakai biyar a jere: a tabbatar hanyar iska a buɗe take, a duba numfashi, a duba gudanar jini, a duba hankalin majinyaci, sannan a duba jikinsa gaba ɗaya. Ɗalibi na maimaita wannan awo lokaci-lokaci yana rubutawa, domin sauyin da ke tsakanin awo biyu shi ke nuna ko majinyaci na farfaɗowa ko yana ƙara rauni.

Matsalolin da aka fi ɗauka a yankin kowace da nata kulawar. Macen da ke zubar da jini bayan haihuwa ana yi mata allurar ositosin, a murza mahaifa ta kan ciki, a ci gaba da ƙarin ruwa. Mai ciki da ke jijjiga ana ba ta maganin magneziyom, a kwantar da ita ta gefen hagu, ba a cusa mata komai a baki. Yaro mai masassara mai tsanani ana ba shi kashin farko na artesunat kafin a tashi, a kuma kula da sukarin jininsa. Yaro mai tamowa ana lulluɓe shi don kada ya yi sanyi, kuma ba a yi masa ƙarin ruwa da gaggawa, domin zuciyarsa ba ta jurewa. Jariri sabon haihuwa ana manna shi a ƙirjin uwarsa. Wanda ya yi haɗarin mota ko babur ana danne inda jini ke fita, a kiyaye wuyansa daga motsi.

Ɗalibi na koyon ƙidaya numfashin yaro na tsawon minti ɗaya cur. Sau 50 ko fiye ga jaririn wata 2 zuwa 11, ko sau 40 ko fiye ga yaron shekara 1 zuwa 5, alama ce ta numfashi da sauri. Yana kuma koyon lokacin da ya kamata a ce wa direba ya tsaya, misali idan haihuwa ta zo a hanya. Gudun wuce kima ba ya cikin magani: yana ƙara wa mai karaya zafi, yana hana ma'aikaci aiki, yana kuma jefa kowa cikin haɗari.

Iyakar ɗalibi

Ɗalibi ba ya maye gurbin ma'aikaci. Da farko kallo ne nasa da miƙa kaya, daga baya a bar shi ya yi awo da rubutu, sannan wasu ayyuka a gaban mai koyar da shi. Ba ya rubuta magani da kansa, kuma bai dace a bar shi shi kaɗai da majinyaci mai tsananin ciwo ba. Sirrin majinyaci wajibi ne a kansa: ba ɗaukar hoto, ba baza labari a WhatsApp ko a majalisa. Da aka isa, yana sauraron yadda ake miƙa majinyaci ga ma'aikatan asibiti, ya taimaka a wanke mota da ruwan jabel, sannan a zauna a duba abin da ya tafi daidai da abin da ke buƙatar gyara.

Kuɗin mai da jinkiri

Masana kiwon lafiyar mata, tun wani bincike na Thaddeus da Maine a 1994, suna magana kan jinkiri uku da ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa likita, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Gwamnatin Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta a 2005, da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2006, amma kuɗin man ambilans ya kasance abin da ke tsayar da iyalai. A gundumar Keita an yi amfani da wani tsari inda mai zuwa likita ke ƙara dala ashirin, wato CFA 100, a wani asusu da ke biyan kuɗin ɗaukar marasa lafiya. Ɗalibin da ya raka ambilans yana ganin wannan ɓangare na aikin ido da ido, tun daga neman izinin maigida har zuwa lallashin dangi.

Abin da iyalai ya kamata su sani

Idan majo ko ungozoma suka ce a tura majinyaci, kowace awa da aka ɓata ana shawara tana rage masa dama. Yana da kyau a riƙe lambar wayar CSI mafi kusa, a tafi da katin awon ciki ko katin rigakafin yaro, da sauran magungunan da majinyaci ke sha. Mutum ɗaya ko biyu sun isa rakiya a cikin mota, don ma'aikaci ya samu wurin aiki, sauran dangi masu iya ba da jini su biyo baya. Iyali na da haƙƙin tambaya wane ne ma'aikaci, wane ne ɗalibi. Masu motoci da 'yan kabu-kabu kuma, idan suka ji jiniya, su kauce gefen dama su ba da hanya.