Ɗaukar hoton abu guda: Yadda 'yar tsana ta samu gurbi a duniyar hoto

A cikin rassan ɗaukar hoto da suka bunƙasa tun bayan yaɗuwar intanet, akwai wani da ba ya buƙatar shagon hoto ko kyamara mai tsada. Mutum ne zai zaɓi abu ɗaya tak, galibi abin wasan yara kamar 'yar tsana ko sojan roba ko ƙaramar mota, ya ɗaukar wa kansa alƙawarin yi masa hoto a kai a kai. Wani kullum zai ɗauka har shekara ta zagayo, wani kuma duk inda tafiya ta kai shi. Akasarin masu wannan harka ba da ita suke ci ba. Ma'aikata ne da ɗalibai da iyayen yara da ke yi a lokacin hutunsu, sannan su wallafa a shafuka irin su Flickr, wanda aka buɗe a 2004, da Instagram da ya biyo baya a 2010.

Wanda ya ji labarin karon farko zai iya ɗauka cewa sharholiya ce ta marasa abin yi. Sai dai wannan sha'awa ta taɓa dawo da hajar da ta yi kusan shekara 30 da mutuwa a kasuwa, ta kuma taɓa jefa wani mai hoto cikin shari'a ta shekara biyar da ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kayan wasa na duniya.

Asalin dabarar

Nacewa kan abu guda tsohuwar hanyar koyo ce a wajen ƙwararru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, shahararren mai ɗaukar hoton nan na Amurka, Edward Steichen, ya keɓe kansa a gidansa da ke Faransa yana ɗaukar wani farin kofin shayi da farantinsa, har ya yi musu hoto sama da dubu, yana sauya abin da ke bayansu daga fari fat zuwa baƙi ƙirin domin ya laƙanci yadda haske ke aiki. A 1930 kuma Edward Weston ya yi ta ɗaukar tattasai, daga ciki aka samu hoton da ake kira Pepper No. 30, wanda ya ɗauka bayan ya sanya tattasan cikin mazurarin ƙarfe. Har gobe ana koyar da wannan hoto a makarantun fasaha.

Ta fuskar kayan wasa kuwa, ana yawan ambaton David Levinthal, wanda a 1977 ya fitar da littafin Hitler Moves East tare da Garry Trudeau. Da sojojin roba suka kwaikwayi mamayar da Jamus ta kai wa Tarayyar Sobiyet, kuma hotunan sun yi dishi-dishi ta yadda mai kallo zai zaci daga fagen daga aka ɗauko su.

Akwai kuma jijiyar barkwanci. Turawa na ajiye mutum-mutumin wani gajeren tsoho mai gemu da doguwar hula a lambunansu don ado. Tun cikin shekarun 1980 aka samu masu tsokana da kan sace shi su yi balaguro da shi, suna aiko wa mai shi hotunansa a gaban fitattun wurare. Fim ɗin Faransa mai suna Amélie na 2001 ya ƙara yayata wannan wasa. A Kanada kuma, a 1995, wani malamin firamare mai suna Dale Hubert ya sa ɗalibansa su riƙa yanka hoton Flat Stanley, yaron wani littafin yara na 1964, a takarda suna aika shi ta gidan waya zuwa wasu garuruwa, a ɗauke shi hoto a can a dawo musu da shi da labarin tafiyarsa.

'Yar tsanar da aka ƙi saya

Misalin da ya fi dacewa 'yan kasuwa su nazarta shi ne na Blythe. Kamfanin Kenner na Amurka ne ya fitar da wannan 'yar tsana a 1972. Tana da ƙaton kai da dara-daran idanu, kuma idan aka ja wani zare da ke ƙeyarta sai idanun su rufe su buɗe da wani launi daban. Yaran wancan zamani ba su karɓe ta ba, wasu ma tsoro take ba su, don haka shekara ɗaya kawai ta yi a kanti aka daina ƙera ta.

A 1997 aka ba wata mata mai aikin shirya bidiyo a birnin New York, Gina Garan, kyautar tsohuwar Blythe. A lokacin tana son koyon sarrafa kyamara, sai ta mai da 'yar tsanar abin gwajinta. Tana sa ta a jaka duk inda za ta, ta sauya mata sutura, ta ɗauke ta a titi, a bakin teku, a ƙasashen da ta ziyarta. Hotunan suka taru har kamfanin ɗab'i na Chronicle Books ya buga su a 2000 cikin littafi mai suna This Is Blythe.

Daga nan labarin ya koma Japan. Wata mai harkar tallace-tallace a Tokiyo, Junko Wong, ta ga hotunan, ta kai Blythe cikin tallan talabijin na ƙarshen shekara na rukunin kantunan Parco a 2000. Jama'a suka shiga neman 'yar tsanar da ba a ƙera ta, sai a tsakiyar 2001 kamfanin Takara ya soma fitar da sabon samfuri bisa lasisin Hasbro, wanda ya gaji Kenner. Guda dubu na farko a rana ɗaya suka ƙare. Tsofaffin na 1972 kuwa, waɗanda a da ake samu da 'yan daloli a kasuwar gwanjo, farashin masu kyau daga cikinsu ya haura dala dubu. Abin lura shi ne babu abin da ya sauya a jikin 'yar tsanar tsakanin 1972 da 2000. Wadda ta san yadda za ta nuna ta ce kawai ba a samu ba sai daga baya.

Alƙawarin kwana 365

Zuwan kyamarar dijital, wadda ta raba mutane da kuɗin fim da na wanki, ya haifar da salon hoto ɗaya kowace rana har tsawon shekara. Wani Bafaranshe, Stéfan Le Dû, ya yi haka daga 2009 zuwa 2010 da wasu sojojin roba biyu masu farin sulke na fim ɗin Star Wars, yana nuna su suna fama da harkokin yau da kullum na cikin gida. A Ingila, Andrew Whyte ya shekara yana yawo da ɗan mutumin Lego mai riƙe da kyamara, wanda tsayinsa bai wuce santimita huɗu ba, kuma da wayar iPhone ya ɗauki hotunan.

Wanda ya fi kowa farin jini a wannan fage shi ne Danbo, ɗan mutum-mutumin kwali da ya samo asali daga littafin zanen barkwanci na Japan mai suna Yotsuba&! na Kiyohiko Azuma. Kamfanin Kaiyodo ya fitar da shi a matsayin abin wasa a 2007. Fuskarsa ramuka biyu ne na idanu da ɗan baki mai kusurwa uku, ba murmushi ba ɓacin rai. Wannan rashin bayyana yanayi shi ne sirrinsa: idan aka sunkuyar da kansa a cikin ruwan sama sai ya zama abin tausayi, idan aka ɗaga kan yana kallon fitila sai ya zama mai mamaki. Ba'amurkiya Arielle Nadel na cikin waɗanda suka yi masa hoton kwana 365.

Masu wannan alƙawari sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya, wato makonnin farko ba su da wuya. Wahalar na zuwa ne lokacin da dabarun da ke kusa suka ƙare, aka ɗauki abin a kan tebur, a taga, a bakin ƙofa, ga shi kuma gobe ma sai an ɗauka. A nan ne mutum ke fara lura da abin da a da ba ya gani, kamar bambancin hasken hantsi da na la'asar, da tsawon inuwa, da launin bangon da ke baya. Yawancin masu farawa ba sa kaiwa ƙarshe.

Ba kowa ne ke yi don nishaɗi ba. A watan Afrilun 2000 wasu mutum biyar suka yi wa Mark Hogancamp dukan kawo wuƙa a garin Kingston na Jihar New York. Ya kwana tara bai san inda kansa yake ba, ya farfaɗo ya tarar ya manta akasarin rayuwarsa ta baya. Da tallafin jinyarsa ya yanke, sai ya gina ɗan ƙauye a bayan gidansa, ya cika shi da 'yan tsana, ɗaya na wakiltarsa, yana ɗaukarsu hoto domin horar da hannunsa da ƙwaƙwalwarsa. An nuna aikin a fim ɗin gaskiya mai suna Marwencol a 2010.

Hijarbie daga Ilori

A Najeriya, misalin da ya fi yin suna shi ne na Haneefah Adam, 'yar Ilori da ta yi digiri na biyu a fannin ilimin magunguna a Ingila. A ƙarshen 2015 ta buɗe shafin Hijarbie a Instagram, inda take ɗinka wa 'yar tsanar Barbie hijabi da abaya da dogayen riguna da hannunta, ta ɗauke ta hoto. Dalilinta shi ne ba ta taɓa ganin 'yar tsana mai irin shigarta ba. Cikin 'yan watanni manyan kafafen yaɗa labarai na duniya suka ɗauki labarin, mabiyanta suka kai dubbai. Barbie dai tun 1959 take kasuwa, amma sai a Nuwambar 2017 kamfanin Mattel ya sanar da ta farko mai hijabi, wadda aka ƙera da siffar Ibtihaj Muhammad, 'yar wasan takobin Amurka da ta ci tagulla a gasar Olamfik ta 2016.

A shekarar 2015 ɗin ce kuma Darby Cisneros ta birnin Portland ta yi amfani da Barbie wajen yi wa masu rayuwar ƙarya a Instagram shaguɓe. Shafin nata, Socality Barbie, ya tara mabiya sama da miliyan ɗaya, sai ta dakatar da shi a watan Nuwamba bayan 'yan watanni da buɗewa.

Yadda ake ɗauka

Ƙa'idar farko ita ce a sauko da kyamara daidai idon abin wasan, ko ƙasa da haka. Hoton da aka ɗauka daga sama yana nuna abin a matsayin abin wasa da aka yar a ƙasa, wanda aka ɗauka daga ƙasa kuwa yana ba shi girma. Shi ya sa masu harkar ba sa ƙyamar kwanciya rub-da-ciki a bakin hanya.

Ta biyu ta shafi nisa. Gwargwadon yadda kyamara ta matso kusa da abu, gwargwadon yadda yankin da zai fito tar yake ƙanƙancewa, har ta kai hancin 'yar tsana ya fito amma kunnenta ya dushe. Idon ɗan Adam ya saba fassara irin wannan dushewa da cewa abin ƙarami ne. Mai son abin wasansa ya yi kama da na gaske sai ya tsuke ƙofar hasken kyamara, ya ɗora ta a kan abin da ba ya motsi. A nan wayar hannu na da fifikon da ba a cika sani ba, domin ƙanƙantar na'urar da ke kama haske a cikinta na sa yanki mai faɗi ya fito sarai, kuma idonta na iya kusantar ƙasa fiye da na babbar kyamara.

Sauran duk dabarun gida ne. Farar takarda na mai da haske gefen da ke da inuwa, siririyar waya na tsai da abin wasa a iska, a goge ta daga baya a kwamfuta. Vesa Lehtimäki na ƙasar Finland, wanda ya fara da kayan Lego na ɗansa a 2009, da hodar yin kek yake kwaikwayon ƙanƙara mai zuba. Mai sayar da takalmi ko turare ta WhatsApp da zai ware mako guda yana gwada waɗannan dabaru a kan haja ɗaya, zai ga bambanci a hotunan shagonsa.

Hoton na mai ɗauka ne, siffar ta kamfani ce

Inda ake samun matsala shi ne wajen sayarwa. Wanda ya ɗauki hoto shi ke da haƙƙin mallakar hotonsa, amma siffar abin wasan da sunansa mallakar kamfanin da ya ƙera ne. Kamfanoni kan kau da kai ga masu wallafawa don sha'awa, tunda talla ce ta kyauta, wasu ma kan gayyaci gwanayen su yi musu aiki. Lehtimäki ya fitar da littafin hotunansa a 2015 da amincewar masu haƙƙin.

Tom Forsythe na Jihar Utah bai samu wannan tarba ba. A 1997 ya ɗauki jerin hotuna 78 da ya kira Food Chain Barbie, inda ya sanya 'yar tsanar, galibi ba sutura, cikin na'urar markaɗe da tanda da sauran kayan kicin, domin sukar yadda ake mai da mace haja. Mattel ya maka shi a kotu a 1999. Bayanan kotu sun nuna abin da ya samu daga hotunan gaba ɗaya dala 3,659 ne, kuma aƙalla rabin cinikin masu binciken da kamfanin ya turo ne suka yi. A Disambar 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa aikinsa suka ne da shaguɓe da dokar Amurka ta halatta, a 2004 kuma aka umarci Mattel ya biya kimanin dala miliyan 1.8 na kuɗin lauyoyi da ɗawainiyar shari'a.

Wannan hukunci bai buɗe ƙofa ga kowa ba. Ya tsaya ne a kan cewa hotunan sharhi ne a kan ita kanta Barbie, kuma na kotun Amurka ne, ba ya ɗaure kotun wata ƙasa. Wanda ya buga hoton Barbie ko na Lego a kalanda ko riga ko kwalin haja don ya sayar, ba tare da lasisi ba, yana cikin wani matsayi daban, kuma Najeriya na da tata Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ke aiwatarwa. Abin da mutum ya ƙera da hannunsa, kamar motar langalanga ko ta karan dawa, ba ya ɗauke da wannan taƙaddama.