Tuta, Tambari da Sanda: Alamomin Sarautar Bauchi

Alamar farko da ta tsaya a madadin Bauchi tuta ce. Wajajen 1805 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya miƙa ta ga almajirinsa Malam Yakubu ɗan Dadi, mutumin Gerawa, wanda shi kaɗai ne ba Bafulatani ba cikin manyan masu tutar jihadi. Karɓar tuta na nufin izinin yaƙi da na shugabanci da sunan Shehu. A ƙarƙashinta Yakubu ya baro Inkil ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa. Sunan garin, a bakin masu ba da tarihi, ya samo asali daga wani maharbi mai suna Baushe, amma matafiya sun daɗe suna kiransa Garin Yakubu.

Tuta ta filin daga ce. A fada kuwa, tambari ke shelar sarauta: ƙatuwar ganga mai kama da turmi, an rufe bakinta da fatar sa, ba a buga ta sai don sarki, musamman ranar naɗi da lokacin Sallah. A kan takarda aikin na hatimi ne. Wasiƙar da ta fito daga fada zuwa Sakkwato tana ɗauke da shi a samanta, da sunan sarki cikin haruffan Larabci, domin mai karɓa ya tabbata daga ina ta fito.

Bayan Turawan Ingila sun ci Bauchi a 1902 suka tuɓe Sarki Umaru, sai sandar girma ta shigo. Sarki ya koma karɓar ta daga hannun gwamnati, al'adar da ta ɗore har yau: gwamnan jiha ke miƙa ta. Tare da Turawa kuma aka san zanen garkuwa irin na Turai, wanda Najeriya ta ɗauka a 1960, mai dawakai biyu farare da jar gaggafa.

Da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, irin wannan zane ya hau takardun ofis, motocin gwamnati da allunan makarantu. Hausa ba ta ƙera masa sabon suna ba, ta ba shi na gangar fada. Shi ya sa ma'aikaci a sakatariya ke cewa takarda ba ta inganta ba sai an buga mata tambari, da fi'ilin da makaɗan sarki ke amfani da shi.